Kundin aikin digirin digirgir: gubar Bacillus cereus a shinkafa, ɗumame da daddawa

13 Janairu, 2025

Tsarin aikin ya kammala, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu. Tambaya ɗaya za a bi: cikin dangin bakteriyar Bacillus cereus da ake samu a dafaffen abincin da ake sayarwa a biranen Arewa, waɗanne ne ke ɗauke da ƙwayoyin gadon guba, kuma a wane yanayi suke zuba gubar a cikin abincin kansa. Abincin da aka zaɓa su ne shinkafa fara da dafa-duka, tuwon da ya kwana, koko, daddawa da garin yaji.

Cuta biyu wannan bakteriya ke jawowa, hanyarsu kuma ba ɗaya ba ce. Ta gudawa tana bayyana awa 8 zuwa 16 bayan cin abinci, domin sai bakteriyar ta isa hanji tukuna take fitar da gubobinta uku, Nhe da Hbl da CytK. Dukansu furotin ne, zafi yana lalata su. Ta amai kuwa gubarta, seriyulid, tun a cikin tukunya ake yin ta, shi ya sa take kama mutum cikin rabin awa zuwa awa 6. Seriyulid tana jure digiri 121 na minti 90, ruwan tsamin ciki ma bai iya mata ba. Steinar Hauge ya tabbatar da nau'in gudawa a Norway a 1950, har ya sha abin da ya raina da bakinsa don ya gani. Nau'in amai an gane shi a Birtaniya a 1971 daga soyayyar shinkafa, kuma sai a 1995 masu bincike a Japan suka fayyace ginin gubar. Yawanci mutum yakan warware cikin kwana ɗaya, amma a Beljiyam a 2003 wata yarinya 'yar shekara 7 ta rasu bayan cin taliyar da ta jima a ajiye, hantarta ta gaza, a 2008 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya rasu bayan cin taliyar da ta yi kwana 5 a ɗaki ba firji.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 91 ke kamuwa da cutar abinci a yankin Afirka duk shekara, 137,000 na mutuwa. Gubar B. cereus ba ta cikin wannan lissafi, saboda bayananta daga ƙasashe masu arziki kaɗai aka samu. Giɓin da aikin ke son taɓawa ke nan.

4 Fabrairu

An fara ɗaukar samfur. Kowane samfur ana karɓarsa ne da ludayin mai abincin, yadda za a zuba wa mai saye, a leda mai tsafta, a auna zafinsa nan take, a rubuta lokacin da aka sauke shi daga wuta, sannan a sa cikin ƙanƙara. A ɗakin gwaji giram 25 ake haɗawa da mililita 225 na ruwan fefton mai gishiri, a tsinka shi sau goma-goma, a shimfiɗa mililita 0.1 a farantin MYP, wato farantin aga (daskararren abincin rainon bakteriya) da aka haɗa don gane B. cereus, a ajiye a digiri 30 na awa 18 zuwa 24, kamar yadda ƙa'idar ISO 7932 ta tanada. Wani kaso na ruwan ana fara ɗora shi a digiri 80 na minti 10, don a kashe ƙwayoyin da ke raye a bar masu ƙwanso, wato waɗanda suka naɗe kansu suka kwanta barci. Bambancin ƙidaya biyun nan yana da amfani ƙwarai. Idan kusan duk abin da ke cikin samfurin ƙwanso ne, bakteriyar ba ta yi girma a abincin ba, da hatsi ko ƙura ta zo. Idan rayayyu sun yi wa masu ƙwanso fintinkau, abincin ya daɗe a zafin da bai kamata ba.

A MYP, tsiron B. cereus, wato tarin ƙwayoyinsa da ido ke gani a faranti, yakan fito da faɗi, busasshe, launin hoda, da farin gewaye inda ya narka gwaiduwa. Gwaiduwar a nan ake haɗa ta: a jiƙa ƙwai a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70, a fasa, a gauraya da ruwan gishiri daidai wa daida, a zuba mililita 12.5 tare da mililita 2.5 na polimiksin, maganin da ke hana wasu bakteriya girma, cikin mililita 225 na aga. Matsalar farko daga nan ta fito. In aka zuba gwaiduwa agar tana sama da digiri 50, sai ta dahu ta yi gudaji, farantin ya yi hazo, ba a iya gane gewayen. Yanzu ana riƙe agar a tukunyar ruwan ɗumi a digiri 47 kafin a haɗa.

25 Fabrairu

Daddawa ta ba da wahala. Bacillus subtilis ne ke ruɓar da kalwa har ta zama daddawa, saboda haka yawansa a ciki ya wuce misali, kuma yana cin manitol, sukarin da ke cikin MYP, ya fitar da tsami. Tsamin yana bazuwa ya mayar da farantin duka rawaya, tsiron B. cereus da ke kusa ya rasa launinsa. Magani shi ne a ƙara tsinkawa, a duba faranti tun awa 18, sannan duk tsiron da ke da gewayen gwaiduwa a sake shuka shi shi kaɗai ko da ya yi rawaya.

An kuma kafa dokar tsaro. Bacillus anthracis ɗan gida ɗaya ne da B. cereus, a MYP da wuya a raba su. Cutar anthrax da B. anthracis ke jawowa ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023, ba labarin nesa ba ne. Duk tsiron da ba ya motsi a aga mai taushi, ba ya fasa jinin tunkiya, kuma fenisilin na kashe shi, a rufe farantin a daina taɓa shi har sai an sanar da jami'in tsaron ɗakin gwaji.

13 Maris

Azumi ya canza tsarin abinci, ya kuma ba da damar auna abin da ake so a auna. Shinkafar da aka dafa da la'asar don buɗa-baki, saurarta a kula take kwana zuwa sahur. An sa ƙananan na'urorin rubuta zafi a tsakiyar shinkafa da kuma gefen kula, a gidajen da suka amince.

Abin da layin zafin ke nunawa a fili yake. Kula cike maƙil da ba a buɗe ba tana riƙe zafi sama da digiri 60 na tsawon lokaci. Da zarar an ɗebi rabi, aka bar iska a sama, aka yi ta buɗewa ana rufewa, sai zafin ya gangaro ya zauna tsakanin 30 da 45 har asuba. Gefe da saman shinkafar su ke fara hucewa, nan ne kuma iska take, seriyulid kuwa sai da iska ake yin ta. Dahuwa ba ta kashe masu ƙwanso, tashinsu take yi, ta kuma share musu sauran bakteriyar da za su yi gogayya da su. A irin wannan ɗumi ƙwaya ɗaya na iya ninkuwa cikin ƙasa da rabin awa. Adadin da aka saba dangantawa da rashin lafiya shi ne 100,000 a giram ɗaya zuwa sama.

Saboda haka an sauya hanyar ɗaukar samfur daga kula: sama daban, tsakiya daban, ba a gauraya su.

9 Afrilu

Cirar DNA. Bangon wannan bakteriya mai kauri ne, tafasa tsiro a ruwa na minti 10 yakan isa wa PCR na gaggawa, wato gwajin da ke ninka wani yanki na DNA don a gane shi, amma ba ya isa wa karanta kundin gado, wato ɗaukacin DNA ɗin ƙwayar. Hanyar da ta tsaya: a raina ƙwayar a romon LB, a girbe ta tana cikin ganiyar girma, a jiƙa da laisozayim, mai narka bangon ƙwaya, miligiram 20 a mililita a digiri 37 na minti 30, a bi da furotinas K a digiri 56, sannan a tace ta bututun silika. In aka bar rainon ya wuce awa 24, yawancin ƙwayoyin sun shiga ƙwanso, laisozayim ba ya ratsa su, DNA ta fito 'yar kaɗan. Ana neman awon tsaftar DNA na 260/280 ya kasance wajen 1.8.

PCR ɗin na haɗaka ne, firaima nau'i huɗu a bututu ɗaya, wato gajerun DNA da kowanne ke kama ƙwayar gado ɗaya, bisa tsarin da Monika Ehling-Schulz da abokan aikinta suka wallafa a 2006. Tsawon harufan DNA da ake jira a jel, inda guntayen ke rabuwa layi-layi bisa tsawonsu: ces, wato ƙwayar gadon seriyulid, 1271, sai na gubobin gudawa, hbl 1091, nhe 766, cytK 421. Sanannun tsiro biyu ne ake gudu da su kullum a matsayin ma'auni, F4810/72 mai ces da nhe, da ATCC 14579 mai hbl da nhe da cytK. Layin 1271 da na 1091 suna da kusanci, a jel mai kashi 1 da aka gudu da sauri sai su manne su zama ɗaya. Jel mai kashi 1.5, a wuta kaɗan, na tsawon lokaci, shi ke raba su. Haka kuma gajeren layin cytK yakan cinye kayan haɗi ya bar dogayen suna dishi-dishi, sai an rage firaimarsa an ƙara ta ces.

Zafin Afrilu na shafar aikin kai tsaye. Inkubeta marar sanyaya ba ta iya sauka digiri 30 idan ɗakin kansa ya kai 38. An mayar da ita ɗaki mai na'urar sanyaya, an kuma sa ma'aunin zafi mai rubuta mafi sama da mafi ƙasa a ciki. Duk farantin da ya kwana a sama da 32 ana sake shi.

7 Mayu

Zagayen farko na PCR ya ƙare, kuma hoton bai saɓa wa abin da aka gani a wasu ƙasashe ba. Kusan kowane tsiro yana da nhe. Masu hbl da cytK suna da yawa amma ba duka ba. Masu ces 'yan ƙalilan ne, daga shinkafa da tuwo.

A nan ne rahotanni da yawa ke zamewa. Sai a rubuta cewa kusan dukan samfuran suna ɗauke da "bakteriya mai guba" don an ga nhe. To ai nhe kusan kowane ɗan wannan dangi yana da ita, har da waɗanda ba a taɓa kamawa da laifi ba, har da Bacillus thuringiensis da ake fesa wa kayan lambu don kashe tsutsa. Ganin ƙwayar gado yana nufin akwai kayan aiki, ba ya nufin ana aikin. Nhe da hbl da cytK duk suna ƙarƙashin wani makunni ne mai suna PlcR, kuma yawan gubar da tsiro biyu masu ƙwayoyin gado iri ɗaya ke fitarwa na iya bambanta nesa ba kusa ba. A B. anthracis makunnin nan a karye yake, shi ya sa ba ya fasa jini duk da yana ɗauke da nhe.

CytK ma iri biyu ce. CytK-1 ita ce mai tsanani, tana cikin Bacillus cytotoxicus, wanda ya kashe mutum uku a wani gidan kula da tsofaffi a Faransa a 1998. CytK-2 ta fi yawa, ta fi sauƙi. Firaimar da ke hannu ba a dogara da ita wajen raba su, don haka kowane mai cytK yana jiran karatun kundin gado kafin a ce komai a kansa.

Akwai ɓata ta ɗaya ɓangaren kuma. Masu ces yawanci ba sa narka sitaci, ba sa cin salisin, ba su da hbl, kuma fasa jininsu rauni gare shi, siririn gewaye ne kawai. Mai bin ƙa'idar tabbatarwa ido rufe, yana neman faffaɗan gewaye a agar jini, zai iya zubar da tsiron da ya fi kowanne haɗari. An koma kan duk tsiron da aka ware a matsayin "mai shakka" a Fabrairu da Maris, an gudanar musu da PCR na ces shi kaɗai.

18 Yuni

Ajiya. Kowane tsiro yana da kwafi biyu a gilisarol kashi 20 a firiza, da kwafi na uku na ƙwanso a busasshiyar takardar tacewa, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ba a yarda a yi ta sake shuka tsiro daga faranti zuwa faranti ba, domin ces a kan filasmid take, wato zoben DNA da ke ware da babban kundin gado, filasmid kuma na iya ɓacewa a hanya. Duk gwaji daga kwafin asali yake tashi.

23 Yuli

Bayanan Illumina, na'urar karanta kundin gado, sun dawo. Kundin gadon wannan dangi yana kai miliyan 5 da ɗoriya na harufa, kashi 35 cikin 100 nasu G da C, biyu daga harufa huɗu na DNA. Wannan adadi shi ne matacin farko: duk haɗin da ya fito miliyan 9, ko wanda G da C ɗinsa ya haura 40, to akwai B. subtilis a ciki, don nasa wajen 43 ne. Samfuran daddawa ne suka fi faɗawa wannan rami. Masu ƙwanso na manne wa juna, tsiron da ido ke gani ɗaya ne sai ya zama biyu. An sake tsarkake su sau biyu a agar da ba ta da maganin zaɓe, aka sake cirar DNA.

Sauran an haɗa guntayen karatunsu da manhajar SPAdes, aka wuce da su manhajar BTyper3, wadda ke fitar da ƙwayoyin gadon guba, rukunin panC (rabon dangin bisa ƙwayar gadon panC) da lambar ST (lambar zuriyar tsiro) a zama ɗaya. Sakamakon 16S, ƙwayar gadon da aka saba gane jinsin bakteriya da ita, da aka fara yi an ajiye shi gefe, domin a wannan dangi kamanninsa ya haura kashi 99, ba ya raba ɗan'uwa da ɗan'uwa. Rukunin panC guda bakwai da Marie-Hélène Guinebretière ta tsara a 2008 sun fi faɗin gaskiya, don suna tafiya da zafin da kowane rukuni ke so: na VI mai son sanyi ne, yana girma a firji, na VII shi ne B. cytotoxicus mai son zafi, na III kuma nan masu amai suka fi taruwa.

Karatun ya kuma fallasa raunin PCR. Akwai tsiron da jel ya ce ba su da hbl, kundin gado ya nuna suna da ita cikakkiya, harufa kaɗan ne suka sauya a daidai inda firaima ke kamawa. An gina firaimomin ne kan tsiron Turai da Asiya galibi, ba mamaki su riƙa tsallake wasu na nan.

10 Satumba

Makon nan duka a kan ces aka yi shi. Jerin ya kai harufa 24,000, ƙwayoyin gado bakwai a jere: cesH, cesP, cesT, cesA, cesB, cesC, cesD. CesA da CesB su ne injin da ke harhaɗa gubar ba tare da ribosom, masana'antar furotin ta ƙwaya, ba, CesP ke kunna injin, CesT na share kuskure, CesC da CesD kuma famfo ne a bangon ƙwaya. Abin da suke ginawa zobe ne mai gaɓa 12, gaɓa huɗu da aka maimaita sau uku, nauyinsa bai kai dalton 1,200 ba. Zoben yana ɗaukar fotasiyam ya ratsa da shi bangon maitokondiriya, tashar makamashin ƙwayar jiki, wutar ƙwayar jiki ta mutu. Dalilin da ya sa hanta ke shan wahala ke nan.

A masu amai na asali jerin yana kan filasmid pCER270, wanda ƙashin bayansa ɗaya ne da pXO1, filasmid ɗin gubar anthrax. Gajerun karatun Illumina ba sa iya nuna wannan da kyau, saboda cesA da cesB suna da sassa masu kama da juna, ga kuma guntayen DNA masu tsalle a kewaye, sai haɗin ya tsinke a nan. An ɗauki masu ces duka an karanta su da Nanopore, na'urar da ke ba da dogon karatu, aka haɗa dogo da gajere da Unicycler. Sharaɗin Nanopore shi ne DNA doguwa: ba girgizawa da inji, ba zuƙa da siririn baki, a juya bututu a hankali da hannu.

Wasu daga cikinsu sun faɗa ST26, layin da aka sani da amai a duniya. Batun suna kuwa ya rikice. Tsiro ɗaya, ma'aunin kamanni na kashi 95 zai kira shi Bacillus paranthracis, tsarin Laura Carroll na 2020 mai kashi 92.5 zai sa shi cikin Bacillus mosaicus, likita kuma B. cereus ya sani. An yanke cewa a kundin digirin kowane tsiro zai zo da rukunin panC, lambar ST da jerin gubarsa. Sunan jinsi shi kaɗai ba ya gaya wa jami'in lafiya abin da zai yi.

15 Oktoba

Gwajin guba a cikin abinci. Ana dafa shinkafa, a raba giram 50-50 a kwalabe masu faɗin baki, a shuka ƙwanso wajen 100 a kowane giram, a ajiye a digiri 15, 25, 30, 37 da 42. A kowane zango ana ƙidaya ƙwayoyi, a kuma ciri guba da asetonaitiril don aunawa da LC-MS/MS, na'urar da ke gane sinadari ta nauyinsa, bisa ISO 18465, inda ake neman nauyi 1170.7. Balinomaisin, mai kama da seriyulid a gini, shi ake zubawa a matsayin ma'aunin ciki. Seriyulid tana son maiƙo, tana manne wa roba, saboda haka kwalba ake amfani da ita tun daga cira har allura. Gwajin gano gubar da maniyyin alade, wanda aka ƙirƙira a Finland, yana da arha da sauri, amma samo kayansa a nan ba abu ne mai sauƙi ba, an bar shi.

Abin lura shi ne girma da guba ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. A 42 bakteriyar na yaɗuwa da sauri amma gubar kaɗan ce ko babu. A 25 da 30 girman bai kai haka sauri ba, gubar kuwa tana taruwa sosai da zarar girma ya fara tsayawa. Hakan ya dace da yadda ake sarrafa ces: ba PlcR ke riƙe da ita ba, wasu makunnai biyu, CodY da AbrB, ne ke danne ta har sai abinci ya fara ƙarewa. Idan haka ya tabbata a sauran tsiron, to daren damina da na hunturu, da ɗakin ke zama tsakanin 20 da 30, na iya fin tsakiyar bazara haɗarin amai, akasin abin da kowa ke zato. Hasashe ne tukuna, sai an maimaita.

An kuma gwada ɗumame. Tuwon shinkafa da aka shuka, ya kwana a 30, aka yanka aka tafasa shi da ruwa yadda ake yi da safe. Ƙidayar faranti ta faɗi ƙasa warwas, gubar tana nan yadda take. Ma'anarsa ga mai binciken ɓarkewar cuta babba ce: ragowar abincin da ya kwantar da mutane zai iya fitowa da ƙidaya ƙasa da iyakar doka, a rubuta masa "lafiya lau". PCR na ces a kan abincin kai tsaye yakan kama DNA ɗin matattun ƙwayoyi, don haka ya fi faranti amfani a irin wannan hali, amma auna gubar ne kawai hujja.

19 Nuwamba

An fara rubuta babin lafiyar jama'a. Shawarar da aka sani ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, a riƙe shi sama da digiri 60 ko ƙasa da 5. Rabin shawarar na biyu ba ya aiki ga mai tuwo-tuwo da ba ta da firji, ko tana da shi ba wuta. Abin da bayanan kula suka goyi baya shi ne na farko: a dafa kaɗan-kaɗan maimakon tukunya guda tun safe, a yi amfani da ƙananan kuloli da ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a bar tukunya a kan garwashi, kada a juye sabuwar shinkafa a kan tsohuwa. A biki ma haka, kular da aka cika tun hantsi ba ta kai wa dare lafiya.

Daddawa da garin yaji, bisa abin da aka gani zuwa yanzu, masu kawo ƙwanso ne, ba wurin yin guba ba. Haɗarinsu yana tasowa ne idan aka barbaɗa su a abinci mai ɗumi aka ajiye. Za a gwada wannan kai tsaye ta hanyar kwatanta kundin gadon tsiron yaji da na shinkafa daga rumfa ɗaya, a ƙidaya bambancin harufa a ga ko ɗaya ne.

Saura aiki uku kafin ƙarshen shekara. Za a maimaita gwajin zafi da tuwon masara da koko, domin tsamin koko na iya hana girma idan pH, ma'aunin tsami, ya sauka ƙasa da 4.5. Za a auna Nhe da Hbl da kayan gwajin Duopath a tsiron da aka zaɓa daga kowane rukunin panC. Sannan za a sake zana firaimar hbl daga kundayen gadon da aka karanta a nan, a gwada ta a kan duk tsiron da tsohuwar ta tsallake. Na'urorin rubuta zafi za su koma cikin kuloli a makon farko na Disamba, lokacin da sanyin hunturu ya sauka.